Jirgin da bai tashi ba ya haɗa ni da abokina da Baba

Tambaya:

Assalamu alaikum Kawu, da fatan kana lafiya. Ni matashi ne, ina gyaran waya a Argungu. Tun ina makaranta nake son ƙere-ƙere, kuma burina in haɗa ƙaramin jirgi maras matuƙi mai farfela huɗu da hannuna. Wani ɗalibi da ya gama karatu a Birnin Kebbi ya sayar mini da ragowar kayan aikinsa: inji huɗu da aka rubuta wa A2212 1000KV, da ESC huɗu masu 30A (na'urorin da ke daidaita wutar da ke shiga kowane inji), da farfela masu inci 10, da batir 3S (mai ɗaki uku a jere) mai 2200mAh da cajarsa, da rimot, da ƙwaƙwalwar jirgin, wato ƙaramar na'urar da ke daidaita tashinsa. Firam, wato gangar jikin da ake ɗaura duk waɗannan a kai, shi ne kawai babu, nasa ya karye. Kuɗin ba nawa ba ne ni kaɗai, karo-karo muka yi da abokina, kuma abin da ya rage a hannunmu ba shi da yawa. Na ga wani firam na roba mai hannaye ja da fari, F450, mai sauƙin kuɗi. Abokina ya ce wannan kayan yara ne, shi lallai sai baƙin nan na kabon irin na masu tsere da yake gani a YouTube, ko kuwa in mayar masa da kuɗinsa. Yanzu gaisuwarmu ma sama-sama ce. Ga kuma Baba, da ya ga kayan a ɗakina ya ce, "Wanga abu ba shi tashi bisa gidan kowa in dai ina da rai." Ni niyyata in riƙa ɗaukar hoton gonarmu ta shinkafa a fadama, nan gaba kuma in samu na cefane a wuraren biki. Wane firam zan saya, kuma yaya zan yi da mutanen nan biyu?

Amsa:

Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya sa wa sana'a albarka.

Gardamarku da abokinka tef ɗin tela ma ya isa ya raba ta. Lambar nan da ke jikin sunan firam, 450 ko 250 ko 220, nisa ce a milimita daga tsakiyar inji ɗaya zuwa tsakiyar na kusurwar da ke kallonsa. A F450 nisan 450 ne, in kuwa ka auna daga inji zuwa maƙwabcinsa na gefe za ka samu kimanin 318. Farfelarka mai inci 10 tana share da'ira mai faɗin milimita 254. Ka ga kenan tsakanin bakin wannan farfela da bakin waccan akwai rata ta wajen milimita 64, kowace na juyinta ba ta taɓa 'yar'uwarta. Baƙin firam na masu tsere kuwa yawanci tsakanin 210 ne da 250, kuma don farfela mai inci 5 aka yanka shi. A mai 220, daga inji zuwa maƙwabcinsa bai wuce milimita 156 ba. Ina farfela mai 254 za ta juya a nan? Tun ba a jona batir ba sun hau kan juna.

Zai ce to a sayi ƙananan farfela mana, ai ba tsada gare su ba. Nan ma hanyar ba ta ɓullewa. 1000KV ɗin da ke jikin injinka na nufin juyi kusan 1000 a minti kan kowane bolt na wuta. Batirinka bolt 11.1 ne, wato wajen juyi 11,000 a minti in babu kaya a kansa. An yi shi ne ya ja babbar farfela a natse. Injunan tsere irin su 2207 da 2306 suna haura juyi 30,000 da batir 4S ko 6S, shi ya sa ƙaramar farfela ke wadatar da su. Ka ɗaura inci 5 a kan naka, da ƙyar jirgin ya raba cikinsa da ƙasa, in ma ya raba. Saboda haka duk wanda ya ce a sayi firam ɗin tsere, ya sani ko bai sani ba, cewa yake a sake sayen inji huɗu da ESC da batir, sannan kyamara da na'urar aiko hoto da tabarau na tuƙi, tunda da su ake tuƙa irin wannan. Jirgi na biyu kenan, ku da kuke ƙirga kuɗin firam.

F450 za ka saya. Amma dakata da tura kuɗi, akwai abin dubawa.

Asalinsa na kamfanin DJI ne, Flame Wheel suke ce masa. Nauyinsa giram 282. Hannayensa na nailan ne da aka cuɗa da zaren gilashi kashi 30 cikin ɗari, farantin ƙasa kuma shi kansa allon raba wuta ne, da wuraren da za ka liƙa wayoyin ESC da na batir da dalma, ba sai ka sayi wani allo daban ba. Wannan aikinka ne na kullum, sai dai ka ajiye siririn bakin da kake taɓa waya da shi ka nemi mai kauri. Tagullar farantin na shanye zafi, in ƙarfen bai kai ba dalmar za ta dunƙule a sama ba ta kama ba, kuma irin wannan liƙin sai jirgi ya yi sama yake saki.

Abin da ke kasuwa yanzu galibi kwaikwayo ne, kuma kwaikwayon hawa-hawa ne. Wani da ƙyar ka raba shi da na asali, wani kuwa roba ce zalla mai sheƙi, yatsa biyu na lanƙwasa ta. Taurin hannu shi ne abin da kake biyan kuɗinsa. Ƙwaƙwalwar jirgi na auna motsinsa sau ɗaruruwa a daƙiƙa guda, tana ƙara wa wannan inji wuta tana rage wa wancan. In hannu na rawa, sai ta ɗauki rawar a matsayin motsin jirgi, ta shiga gyaran abin da bai ɓaci ba. Daga nan sai ka ga jirgi na kakkarwa a sama, injuna sun ɗau zafi, batir ya ƙare da wuri, kai kuma kana ta zargin ESC da ƙwaƙwalwa alhali laifin na roba ne.

Tun kafin ka biya, ka sa mai sayarwa ya ɗora firam ɗin a kan sikeli ya turo maka hoto ta WhatsApp. In nauyin ya yi ƙasa sosai da na asali, an yi rowar roba. Ranar da kayan suka iso tasha kuwa, kada ɗoki ya kwashe ka. Kama hannu ɗaya ta gindinsa, ka riƙe wurin zaman injin, ka murɗa. Mai kyau zai yi maka gardama, ya ɗan motsa ya koma. Na banza biyo ka zai yi. Shafa fatarsa: mai zaren gilashi ba ya sheƙi, akwai ɗan kaushi. Leƙa ramukan notin da ke haɗa hannu da faranti, ka ga ko an dasa musu gidan tagulla mai zare. In a cikin robar kawai noti zai ci, kwancewa biyu uku zaren ya cinye. Sai ka haɗa shi ba inji, ka tsayar da shi a kan gilashin shagonka. In yana ɗingishi, akwai hannun da ya karkace. Ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a kan wuraren zaman inji biyu maƙwabta, ya kwanta lif a kan duka biyun. Injin da ya zauna a karkace shi ke sa jirgi juyawa da kansa ba ka ce masa ba. Daga nan ɗauko mitarka ta gwajin wuta ka taɓa wurin liƙa jar waya da na baƙar waya a farantin ƙasa. Kada ka ji ƙara. In ta yi kuka, akwai inda tagulla ta haɗu, kuma batirin LiPo irin naka ba ya yafe irin wannan.

Mitar tana da sauran aiki ɗaya. Gindin injinka na da ramuka huɗu na noti M3, biyu nisansu milimita 16, biyu 19, kuma F450 na da su daidai. Notin da ke zuwa da firam ɗin kwaikwayo wani lokaci ya fi ƙima tsawo, sai ya wuce gindin injin ya soki naɗin wayar tagulla da ke ciki. Inji da yawa sun mutu a haka ba su taɓa barin ƙasa ba. Bayan ka ɗaure, haska fitilar wayarka ta gefe ka ga akwai rata tsakanin kan noti da naɗin, sannan ka sa tsinken mita ɗaya a kan notin, ɗayan a kan wayoyin injin uku ɗaya bayan ɗaya. Shiru ake so.

Bari mu yi lissafin nauyi, don ka san inda kake. Firam 282, inji huɗu wajen 200, ESC huɗu wajen 100, batir kusan 190, farfela da ƙwaƙwalwa da na'urar karɓar saƙon rimot da wayoyi ka ce 150. Duka bai cika kilo ɗaya ba. Kowane injinka da farfela inci 10 na iya ɗaga kimanin giram 800 in ka buɗe masa wuta duka, huɗu kenan sun haura kilo 3. Ƙa'idar da masu haɗa jirgi ke bi ita ce ƙarfin ɗagawa ya ninka nauyi aƙalla sau biyu, kai kana da fiye da uku. Akwai sarari na ƙaramar kyamara nan gaba. Tsawon tashi dai kada ka sa rai da fiye da minti goma da wannan batirin.

Akwai S500, wanda girmansa kusan ɗaya ne, farfelarka na zama a kansa, yana zuwa da dogayen ƙafafu da wurin rataya kyamara, amma ya haura giram 400 kuma ya fi kuɗi. F550 mai hannu shida ne, kai injinka huɗu, ka manta da shi. Da ni ne da kuɗin hannunka, F450 zan ɗauka, bambancin in sayi hannaye biyu na ajiya da farfela saiti biyu ko uku a oda ɗaya.

Na ce hannayen ajiya ne saboda jirgin nan zai faɗi. Ba baki nake yi maka ba. Zai kife tun bai tashi ba saboda farfela ɗaya a juye take, zai juyo ya fuskance ka hagu ta zama dama ka rikice, iska za ta kwashe shi ta kai wa darbejiya. Masu bidiyon da abokinka ke kallo ba sa nuna kwandon karyayyun kayansu. Ba wanda ke koyon babur da sabo fil a leda, da tsohon gida ake koyo, wanda in ya sha ƙasa za a tashe shi a karkaɗe a ci gaba. Abin tambaya game da firam ɗin mai koyo shi ne: in ya karye ranar Juma'a, zan iya tashi ranar Asabar? A F450 noti kaɗan za ka kwance ka zare karyayyen hannu ka sa sabo. Kuma karyewar tasa ma rahama ce, domin ƙarfin faɗuwa sai ya sami inda ya huce. In hannun roba bai ɗauka ba, sandar inji ce za ta lanƙwashe, ita kuwa ta fi tsada. Hannun da ya tsage kada ka bi shi da gam. Jefar da shi.

Ana cewa araha ba ta ado, to kabon mai araha ya fi roba mai araha iya yaudara. Akwai wanda fatar sama da ta ƙasa ce kawai kabon, cikinsa zaren gilashi ne da aka rina baƙi. Kabon na gaskiya wuta na bi ta cikinsa, don haka in ka taɓa tsinken mita a gefen da aka yanka za ka gane. Wannan halin nasa kuma shi ne haɗarinsa: waya ɗaya ta goge ta taɓa shi, wuta ta haɗu. Yana tare saƙon rediyo in eriya ta ɓuya a bayansa, ƙurarsa kuma in ana goge shi ba ta da kyau ga huhu. Kaya ne mai kyau, amma ba shi ne maganin matsalarka ba.

Sai kuma abin da masu rubuta bayanin kaya a Sin ba su san da shi ba, wato ƙasarku. Ƙafafun F450 gajeru ne, cikinsa kusan a ƙasa yake. A yashin Argungu, farfela huɗu na fara juyawa ƙura za ta turnuƙe, maganaɗisun da ke cikin inji ya tsince baƙin ƙarfe-ƙarfen da ke cikin yashi, boris ya fara ƙara. Ka sayi dogayen ƙafafun da ake ƙara masa, in babu ka riƙa tashi da sauka a kan tabarma ko falankin katako. Nailan na shan danshin iska, danshin ne ke ba shi jimiri, don haka a bushewar hunturu ya fi saurin tsagewa. Lokacin ne za ka fi duba gindin hannaye kafin kowane tashi. Rana ma na cin roba a hankali, kada ka bar shi a fili ko a manne da kwanon shago a watan Afrilu. In wani ya ce zai buga maka firam da injin buga abubuwa na 3D, tambaye shi da wace roba. In PLA ce, tana fara laushi a wajen digiri 60, kuma abin da aka bari cikin mota a rufe a Kebbi na iya kaiwa nan. Fadama kuwa, muddin akwai ruwa kwance a shinkafa, ba wurin koyo ba ce. Farantin ƙasa da batir a jone, ya faɗa ruwa, ka yi asarar ESC da ƙwaƙwalwa a tashi ɗaya.

In kuɗin ya gaza ko kayan sun maƙale a hanya, kada ka raina kafinta. Tun kafin firam ya yi araha da katako mutane ke haɗa waɗannan jirage, kuma katako ya iya shanye rawar inji. Sanda huɗu ta busasshen katako maras gaɓa, mai kusurwa huɗu, kaurin milimita 12, da faranti biyu na filawud mai milimita 3, a huda a ɗaure da noti, nisan inji da inji ya zama 450. Wanda ya karye, kafinta ya yanko maka wani kafin ka sha shayi. Wahalarsa ɗaya ce, awo: kuskuren milimita biyu uku a huji zai nuna kansa a sama. Alminiyon na masu taga yana aiki, amma in ya faɗi lanƙwashewa yake ya zauna a haka, ido ba ya gani, jirgi na ji. Bututun ruwa na roba kuwa ka bar wa masu famfo.

Maganar biki, gara in faɗa maka tun yanzu. Masu ɗaukar hoton biki da ƙananan jiragen kamfani suke aiki, irin DJI Mini mai giram 249, da na'urar da ke riƙe kyamara ta hana ta rawa. Naka ba zai ba ka hoto irin nasu ba sai ka kashe kuɗin da ya fi na jirgin. Ban da haka, kilo guda mai farfela inci 10 huɗu a kan taron mata da yara ba abin wasa ba ne, farfelar nan na tsaga fata. Wannan jirgin makaranta ne. Abin da za ka samu a jikinsa shi ne hannun tuƙi da sanin gyara, kuma masu jiragen kamfanin ma in nasu ya faɗi mai gyara suke nema.

Abokinka ban ga laifinsa a sha'awa ba. Duk wanda ya ga baƙaƙen jiragen nan na ratsa tsakanin itatuwa sai ransa ya biya. Inda kuka yi sakaci ku biyun shi ne kun haɗa kuɗi ba ku haɗa magana ba. Kai kana son abin da zai tsaya cak a sama ka kalli gona, shi yana son abin da ke wuce kilomita 100 a awa ya sauka bayan minti huɗu. Kada ka tura masa wannan amsar ka ce ga shi Kawu ya ce ka faɗi, kuma kada ka tayar da zancen a majalisa. Je ka same shi ku biyu. Tafi da kwali da ka zana murabba'i mai milimita 156 kowane gefe, ka miƙa masa farfela biyu ka ce ya ɗora su a kusurwa biyu maƙwabta. Ka yi shiru, hannunsa zai gaya masa. Sannan ka ba shi abin da zai riƙe: yanzu F450 ku koyi tuƙi, na gaba na tsere, kuma shi zai zaɓi firam. In lokacin ya zo akwai Source One na Team BlackSheep, mai sauƙin kuɗi, zanensa a buɗe yake ga kowa, hannayensa kuma ɗai-ɗai ake canza su. Kafin nan, in rimot ɗinku na jonuwa da kwamfuta, akwai manhajojin koyon tuƙi irin su FPV Freerider da Liftoff, ya faɗi sau dubu a can ba a karya komai ba.

In duk da haka ya ce kuɗinsa yake so, haƙƙinsa ne. Ka biya shi, ko da kaɗan-kaɗan, ba gori ba habaici. In kuwa ya zauna, ku rubuta a takarda: a ɗakin wa jirgi ke kwana, wa ke da ranar tuƙi, wa ke biyan ɓarna. Ni ban so ku ce wanda ya karya shi zai biya. Kowa zai riƙa tuƙi a tsorace, ranar da ya faɗi kuma a kwana ana musu ko iska ce ko hannu. Ku yi asusu, kowa ya riƙa jefa wani abu duk mako, daga nan ake sayen hannu da farfela.

Saura Baba, kuma tasa ce babbar. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, balle ya aika jirgi. Gidajenmu tsakar gida a buɗe take, mata na aikinsu ba mayafi, makewayi da yawa ba rufi. Maƙwabcin da ya ji ƙugi ya ɗaga kai ya ga abu na shawagi a kan gidansa bai san da kyamara ko babu ba, kuma ba kai zai nema ba, zauren mahaifinka zai yi wa sallama. Mutuncin da dattijon nan ya yi shekaru yana tarawa a unguwa shi ne a kan faranti. Aya ta 12 a Suratul Hujurat ta hana bin diddigin asirin mutane, ka san da wannan tun kana allo, kuma ko niyyarka fara ce, jefa zargi a zuciyar maƙwabci ma abin gudu ne.

Na biyu, zamanin da muke ciki. Harin da 'yan bindigar Lakurawa suka kai a Mera ta ƙaramar hukumar Augie a Nuwamban 2024 ba nesa da ku ya faru ba. Mutumin ƙauye da ya ga baƙon abu a sama da yamma ba zai ce ga yaro mai basira ba, infoma zai ce, kuma ka san ba a cika tsayawa sauraron bayani ba in wannan kalmar ta fita. Hukuma ma ba ta ɗauki abin da wasa ba. Tun 2016 hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta ƙasa, NCAA, ta sanar cewa ba a tashin jirgi maras matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, kuma daga ofishin nan ake karɓar takardar shigo da irin waɗannan jirage daga waje. A Maris na 2021 Shugaba Buhari ya haramta shawagin jirage a sararin Zamfara. Don haka kafin tashin farko ka shiga shafin NCAA ka karanta sharuɗɗan rajista ka bi su, kada ka ce ai na gida ne, hannu ya haɗa. Ka sayi firam ɗinka wurin masu sayar da kayan lantarki na ɗalibai a nan cikin ƙasa. Kada ka ɗauke shi a haɗe ka bi hanya mai shingayen jami'an tsaro. Filin jirgin sama na Sir Ahmadu Bello da ke gefen Birnin Kebbi, da barikin soja, da ofishin 'yan sanda, da fadar sarki, ko kusa kada ka kai shi. Ranar bikin kamun kifi a Matan Fada, na san zuciya za ta raya maka, to ka bar shi a gida ka je kallo kamar kowa. Da rana kawai, inda idonka ke ganinsa, ƙasa da mita 120, kai da kake koyo ma tsayin bishiya ya ishe ka.

Tashi bisa gidajen mutane, wannan ni ma na hana ka. Amma kada ka yi wa maganar Baba wayo ka ce ai bai ambaci gona ba, ka sulale da asuba. Izini za ka nema a fili, kuma ba da bakinka kaɗai ba. Nemi baffanka ko kawunka da yake jin maganarsa, ko limamin unguwa, ka fara yi masa bayani shi. Ranar da za a zauna, kawo jirgin ba farfela ba batir, ka ajiye a gabansa, ya ɗauka ya jujjuya ya ga babu kyamara. Ka ce masa ba za a sa ba sai da saninsa. Ka roƙe shi shi ya zaɓi wuri, a gonarsa bayan an yanke shinkafa ƙasa ta bushe, kuma shi ya kai ka wurin mai unguwa, daga nan a sanar da 'yan sintiri da ofishin 'yan sanda na yankinku, a san fuskarka a san jirgin. Kada ka cika baki ka ce zai kore masa jan-baki daga shinkafa, batirin minti goma ba ya gadin gona, kuma manomi ne, zai gane.

In ya ce a'a bayan duk wannan, a'a ɗin kenan a yanzu. Ka haɗa jirginka a shago, ka gwada juyin injuna farfela a cire, ka ci gaba da koyo a kwamfuta. Batirin ka sauke shi zuwa bolt 3.8 a kowane ɗaki nasa, wato wajen 11.4 gaba ɗaya, don in ya daɗe a cike kumbura yake. Ka sa shi a tukunyar ƙasa da ɗan yashi, a inuwa, nesa da katifa da galan ɗin fetur ɗin janareta, ka riƙa auna shi duk wata. Bayan girbi, in hankalin Baba ya kwanta, ka sake tura baffanka.